Jinin Kyauta a Ƙarƙashin Shuɗiyar Fitila

To, ku matso da farantan waken nan kusa, hannu na tsinta kunne na ji. Ga ta nan na kawo muku, amma ba irin wadda ake ba yara su yi barci ba ce. Wannan ni kaina ta hana ni sukuni tun jiya. Ladidi, kife wayar nan don girman Allah. In na gama kowace sai ta faɗi nata, ba wadda za ta ce mini duk ɗaya ne ta kakkaɓe zane ta tashi.

Kun san na daɗe ina koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar 'yan mata ta kwana, kafin gwiwoyin nan su zaunar da ni. A cikin yaran da suka bi ta hannuna akwai wasu uku, ajinsu ɗaya, ɗakinsu ɗaya, a kwano ɗaya suke cin abinci. Suwaiba ta zama likitar yara a wani asibitin karkara. Rumasa'u ta tsaya a jami'a, kullum tana ɗakin gwaje-gwaje tana bincike. Hansatu kuwa 'yar masunta ce daga wata tunga a bakin gulbi, ita ta zama malamar duba-gari. A kan su ukun nan maganar take.

Hansatu tana da wa, sunansa Barmo. Masunci ne mai jefa birgi, ragar nan mai zagaye da ake wurgawa ta buɗe a kan ruwa ta nutse. Shi da matarsa Tabawa sun haifi biyu, duk sun binne su. Kowane sai ya fara haƙori, ya fara rarrafe yana dariya, sai ciwon ciki, sai amai, sai jijjiga, shi ke nan. Mutanen tunga suka ce na cikin ruwa ne ke karɓe musu 'ya'ya. Da ta uku ta zo, ake kiran ta Kyauta. Kyauta ta wuce inda 'yan'uwanta suka tsaya, ta taka, ta fara cewa Baba, har Tabawa ta samu wani cikin. Hankali ya fara kwanciya ke nan, ran nan da hantsi yarinya ta ture kunu, ta riƙe ciki tana kuka. Kafin azahar idanunta sun juye, jikinta ya sanƙare yana karkarwa. Tabawa ba ta ko yi ihu ba, zama kawai ta yi daɓas a ƙasa, don ta san wannan hanyar.

Hansatu ce ta sa aka ɗauko ta, daga kwalekwale zuwa mota, har asibitin da Suwaiba take. A ƙofar ɗakin yara, gaban masu jinya da 'yan dubiya, Barmo ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ku shaida, Allah ma shaida ne. Duk wadda ta zama sanadin tashin yarinyar nan, in Tabawa ta haifi mace, sunanta za ta ci." Ku riƙe wannan maganar da kyau, don ita za ta dawo mana.

Mu fara da Suwaiba. Kowa a asibitin ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, yaron bakin ruwa ai ba sai an tambaya ba. Aka yi allurai, aka sa ƙarin ruwa, jijjiga ta lafa ta dawo, ta lafa ta dawo. Suwaiba tun tana yarinya haka take, in abu bai zauna mata ba sai ta yi ta juya shi har ta ishi mutum. Ta ce ina zafin jikin? Me ya sa cikin ya yi tauri haka? Me ya sa 'yan'uwanta biyu suka tafi ta ƙofa ɗaya? Ta ɗiga jinin yarinyar a gilashi ta leƙa ta madubin likita da kanta, ta ga wasu ɗige-ɗige a cikin ƙwayoyin jinin da ba su yi kama da na sauro ba. Nan ta ce anya ba gubar dalma ba ce?

Ta kira iyayen ta tambaye su. Ana haƙar zinariya a wajenku? A'a. Ana niƙa dutse? A'a, su ruwa suka sani. Kuna sa mata kwalli? Tabawa ta ce ba ta taɓa ba. Ga shi maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari ba a ba da shi da ka, don in an yi kuskure yana iya taɓa ƙoda, yarinya kuma ta riga ta galabaita. Babban likitan wurin ya ce ba hujja ba magani, kuma ni ban ga laifinsa ba. Injin da ke auna dalmar kanta yana can wani gari mai nisa, kafin a kai a dawo da amsa sai abin da Allah ya yi. Suwaiba ta tsaya a kan gadon nan tana kallon ƙirjin Kyauta na ɗagawa da ƙyar. Sai ta tuna da Rumasa'u, ta ɗauki waya.

Yanzu sai na ɗan koma malamar aji, ku yi haƙuri. Gwamma, na ga kin fara hamma, rufe bakin nan, in ba ki gane wannan ba ba ki da bakin yanke hukunci anjima.

Abin da ya sa jini ya zama ja wani rini ne da Allah ya sa a cikinsa. Siffarsa kamar zobe ce, da ɗan ƙarfe zaune a tsakiya kamar dutsen zobe. Zoben nan shi masana ke kira fofirin. To in dalma ta shiga jiki sai ta hana ƙarfen zama a gurbinsa, jiki kuma ba ya barin gurbi fanko, sai ya cusa wani ma'adini da ake kira zinki a wurin. Mai ƙarfe in an haska shi da shuɗiyar fitila shiru yake yi. Mai zinki kuwa sai ya amsa, ya yi ja kamar garwashi. Wannan mai zinkin shi ne aikin Rumasa'u. Rini ne mai shan haske, shi ya sa masu bincike ke son sa, ita kuma tana neman yadda za a shafa shi a gilashi ya mai da hasken rana lantarki.

Da hannunta take haɗa shi, kuma daga jinin sa. Da sassafe za ta tafi kwata da jarka, mahauta na tsokanar ta suna cewa ga mai miyar jini ta iso. Ta kawo, ta dafa, ta tace, ta ciro zoben, ta fitar da ƙarfen, ta sa zinki, ta sake tacewa. Jarkoki nawa suka tafi, sau nawa abin ya lalace ta zauna ta yi kuka, ita kaɗai ta sani. Bayan wahalar da ta cinye mata damina da rani, abin da ta samu tsantsa bai fi kwallin da za a sa wa ido biyu ba. Tana ajiye da shi a 'yar baƙar kwalba, a naɗe, a cikin firji, don haske na kashe shi. Kuma ga masu jarrabawa na tafe daga wasu jami'o'i su ga gwajinta na ƙarshe, wanda a kansa digirinta na dakta ya rataya.

Sai ga jinin Kyauta ya iso, ɗan kaɗan, a naɗe cikin baƙar leda a cikin kular abinci. Suwaiba ta ce mata, "'Yar'uwa, ba zan iya sake ɗiba ba, babu jinin a jikinta. Abin da ke hannunki shi ke nan."

A ɗakinsu akwai injin da ke auna wannan jan hasken. Amma injin lamba kawai yake bayarwa, lambar kuma ba ta da ma'ana sai an gwada ta da tsantsar rinin da aka san ƙarfinsa, kamar yadda sikeli ba ya aiki sai da dutsen awo. Tsantsar rinin kuma a duk jami'ar babu sai wanda ke cikin 'yar baƙar kwalbar nan. In ta narka shi ta haska, ya tafi ke nan. Ta gaya mini ta daɗe tsaye a gaban firjin. Yarinyar nan ba ta taɓa ganin ta ba, ba ta san ko fara ce ko baƙa ba. Ta ja labule ta rufe tagogi da rana tsaka, ta buɗe kwalbar, ta narka, ta rarraba shi daga mai ƙarfi zuwa mai rauni, ta jera. Sannan ta wanke jinin Kyauta ta sa a injin ta kunna fitila.

Wayyo Allah. Ta ce jinin nan ya yi ja har ya wuce na kwalbar da ta fi ƙarfi a jerin.

Ta kira Suwaiba, kuma ba ta yi mata ƙarin gishiri ba. Ta ce, "Ba zan rantse miki dalma ce ba, ƙarancin ƙarfe a jini ma yana ɗaga shi. Amma ba ya ɗaga shi haka. In 'yata ce, yau zan fara magani."

Da wannan Suwaiba ta koma wurin babban likita. Ya ce gwajin ɗakin bincike ne, ba na asibiti ba, in ta fara to a wuyanta. Ta ce ta ji, ta sa hannu da sunanta. Ta fara ba da maganin tana auna fitsarin yarinyar kamar mai auna turare, in ya ragu ta ƙi barin bakin gadon, in ya zo ta yi hamdala. Ta daina zuwa gida cin abinci, 'ya'yanta sai a bakin asibiti suke ganin ta. Sannu a hankali jijjiga ta tsaya. Ran nan Kyauta ta buɗe ido ta nemi ruwa. Aka sallame su, Barmo na ta sa albarka.

Kada ku yi saurin cewa alhamdulillahi, da saura. Ba a jima ba aka sake dawo da ita a sanƙare, wannan karon har ta fi da. Suwaiba ta ja Hansatu gefe ta ce, "Ni kwarfar ruwa kawai nake yi daga kwalekwale, hudar tana nan. In ba a gano inda dalmar ke shiga ba, zuwa na gaba gawa za ku kawo mini, ko ku koma da yarinyar da ba ta san kowa ba."

Nan Hansatu ta shigo. Ta ajiye aikinta ta koma tunga. Ta leƙa rijiya, ta kankare tukwane, ta duba dutsen niƙa da turmi, ta bi kwalaben maganin gargajiya ɗaya bayan ɗaya. Ba komai. Matan tunga suka fara yi mata habaici, wai boko ya sa tana neman aljani a cikin tukunya. Kowace wayar da ta shigo sai ta ji kamar ita ce ta mutuwa.

Wata la'asar ta gaji ta zauna kusa da wanta. Ya zo gida ɗaukar kaya zai koma asibiti, ya tsaya gyaran birgi don hannunsa ya samu abin yi. Sai ta ga ya ɗora wani tsohon kasko a murhu, ya jefa wasu gutsattsarin ƙarfe masu ruwan toka, suka narke kamar man shanu, yana zubawa a ƙananan ramuka. Nauyin bakin raga yake yi, abin da ke jan birgi ƙasa.

Ta ce, "Yaya, ina na yumɓun da Baba ke gasawa?"

Ya ce, "Wa ke ta yumɓu yanzu? Kina makaranta aka daina. Cikin tsohon batirin mota muke fasawa, ya fi nutsewa da sauri."

To su a zuriyarsu akwai al'ada. In an haifi yaro, uba zai ciro nauyi ɗaya daga bakin birginsa, a ɗinke shi cikin fata kamar laya a rataya wa yaron, wai don ruwa ya san nasa ne kada ya ɗauke shi. Hansatu ma ta rataya nata tana ƙarama, na yumɓu, ta tsotse shi har ta gaji bai yi mata komai ba. Shi ya sa ko sau ɗaya hankalinta bai kai wuyan Kyauta ba. Suwaiba ma kullum tana ɗaga layar nan ta sa abin jin bugun zuciya ta mayar, don likitan karkara ya san in ya fara faɗa da laya gobe ba mai kawo masa yaro.

Hansatu ta ce, "Yaya, na wuyan Kyauta fa?"

Ya ce, "Daga birgina na ciro, yadda Baba ya yi mana. Tun na farin nan na ɗinka shi, shi ne dai suke ta gado."

Ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Ta riga shi isa asibiti, ta tarar da Kyauta kwance da ƙarin ruwa a hannu, ido a lumshe, layar tana cikin bakinta tana tsotsa. Ta fizgi almakashi daga tiren nas ta datse igiyar. Tabawa ta saka salati. Barmo ya shigo ya ga wuyan 'yarsa fayau, ya ce ta miƙa wa ruwa 'yarsa da hannunta, ya ce daga yau ba shi ba ita, ya faɗi maganganun da ba zan maimaita ba. Hansatu ta ɗauko layar. Ta farke fatar a gabansa, wadda gefenta ya riga ya cinye, ta ɗora masa dalmar a tafin hannu. Duk jikinta sawun haƙora ne, wasu sababbi suna ƙyalli, wasu tsofaffi sun yi baƙi. Ba na yaro ɗaya ba ne.

Barmo ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya sulale ya zauna a ƙasan siminti. Ƙaton mutum, mai jan kwalekwale shi kaɗai, sai da aka kama shi aka fitar.

Kai, bari in sha ruwa.

Suwaiba ta sake ɗaukar maganin daga farko, da ƙodar da ta riga ta sha wuya, ta lallaɓa har ta fitar da yarinyar. Daga baya amsa ta zo daga wancan gari mai nisa, dalma ce. Hansatu ta sa aka kwashe ƙasar murhun gidan aka zuba sabuwa, aka mai da narkar dalma bayan gari. Kyauta tana nan da ranta. Maganarta ta koma baya, hannunta na hagu yana ɗan rawa, amma kwanan nan ta sake cewa Baba.

Ba wadda ta fita lafiya a cikin ukun. Suwaiba an kira ta gaban kwamiti kan ta fara magani kafin tabbaci, ko da gaskiyarta ta fito an riga an mai da ita wani asibiti can bakin iyaka, nesa da 'ya'yanta. Rumasa'u masu jarrabawa sun zo ba ta da abin nunawa, aka ce ta sake daga tushe, yanzu haka ta koma kwata da jarkarta, har yau kuma ba ta ga fuskar Kyauta ba. Hansatu kuwa wanta bai sake yi mata magana ba. Ba fushi ba ne yanzu, ido ne ba ya iya haɗawa da ita, in ta shigo ta ƙofa sai ya fita ta baya. Rabin tunga kuma na cewa ta tozarta abin kakanni.

To, Tabawa ta sauka. Mace. Lafiyayya, kuma ita ce jaririyar farko a zuriyar nan da ba a rataya wa komai a wuya ba. Jibi suna, rago na ɗaure, alwashi kuma na nan, jama'a sun shaida.

Tabawa ta ce Suwaiba, don ita ta ƙi yarda da abin da kowa ya yarda da shi, ita ta sa wuyanta, ita ta ba da maganin har sau biyu. Aka ce mata ai aikinta ne, kuma layar nan a hannunta take wucewa kullum ba ta gani ba. Limamin tunga ya ce Rumasa'u, don ba dangi ba ce, ba likita ba ce, ba wanda zai zarge ta in ta bar kwalbarta a rufe, amma ta zubar da wahalarta saboda 'yar da ba ta sani ba, kuma ba don jan hasken nan ba da ba a buɗe maganin ba. Aka ce masa ai ita lamba kawai ta karanta, ba ta taɓa ko goshin yarinyar ba. Tsohuwar Barmo ta ce Hansatu, don ba don almakashinta ba da magani da rini duk sun tafi a banza, da wannan jaririyar ma jibi an rataya mata ajalinta. Aka ce mata ai Kyauta jinin Hansatu ce, dole ta yi, kuma ba don waɗancan biyun sun ce dalma ba ce da ta wuce kaskon nan ba ta ko kalle shi ba.

Jiya Barmo ya zo har zauren gidan nan, wai an ce masa ni na koyar da su duka, ni na san su. Ya durƙusa ya ce, "Hajiya, na yi wa Allah alkawari a kan mace ɗaya, ga shi sun zama uku. Na riga na kashe biyu da hannuna ban sani ba. Kada in zo in ci amanar wadda ta tsayar mini da ta uku." Na ce masa ya daina cewa ya kashe, bai sani ba. Na ce ya ba ni kwana biyu. Ya tafi yana share ido da hular kansa, ni kuma na kasa ko cin tuwo, don duk wadda na ɗauka sai in ga fuskar sauran biyun.

Gobe da safe zai dawo, kuma ba zan sallame shi ba tare da amsa ba. Ladidi, Gwamma, da ku duka, ku ajiye waken nan haka. Suwaiba, Rumasa'u, ko Hansatu, sunan wa za a raɗa wa ƙanwar Kyauta?